Babu Lissafi, Babu Sisi: Saƙo Ga Ƙungiyoyin Dutse Alhaji

Yawancin ƙungiyoyin taimakon al'umma na Dutse Alhaji sun zama gidajen biki, kuma mu da muke zuba kuɗi mun gaji. Wanda maganar ta yi wa zafi ba sai ya aiko min da zagi ba. Ya fito da littafin ma'aji ya ƙaryata ni.

Duk Asabar da Lahadi da la'asar, ka bi ta Dutse Alhaji, ka wuce Dutse Makaranta, ka leƙa Sokale da Dawaki, za ka tarar an jera kujerun roba a harabar makaranta ko a ƙofar gidan wani mai hali, wai ana mitin. Ga ƙungiyar ci gaban unguwa, ga ta matasa, ga ta masu gidaje, ga ta 'yan jiha kaza mazauna Abuja, ga kulob ɗin manyan ma'aikata masu ɗinkin anko. Kowace da shugabanta da mataimakinsa, da sakatare, da ma'aji, da sakataren kuɗi, da jami'in hulɗa da jama'a, da iyayen ƙungiya. Kowace tana karɓar kuɗin mako, kowace tana ƙaddamar da gidauniya a ƙarshen shekara. Amma ka fito bayan an ɗauke ruwan sama ka duba layinku. Kwata ta toshe, zaizaya ta cinye hanya, bola ta kusa rufe kwalbati. To, ina kuɗin suke shiga?

Ba aikin yi aka rasa ba. Dutse Alhaji tana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Bwari, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 6 na Babban Birnin Tarayya, kuma ƙasar Gbagyi ce tun asali. Tun da aka dawo da fadar gwamnati daga Legas a watan Disamba na 1991 jama'a ke kwararowa, sannan rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, da tsadar haya a cikin birni, suka ƙara turo iyalai nan. Masinja, direba, malamar makaranta, ɗan sanda, tela, mai shayi, ɗan acaɓa, duk waɗanda Abuja ba ta motsi sai da su, a nan suke kwana. Gari ya cika ya batse ba tare da an tsara shi ba. Madatsar ruwa ta Usuma da ke shayar da manyan unguwannin birni tana nan maƙwabtanmu ta wajen Ushafa, amma a layuka da dama sai ka tsayar da ɗan garuwa kafin a ɗora tukunya. Irin wannan gari shi ya fi ko'ina bukatar ƙungiya mai aiki. Shi ya sa wasan da ake yi da kuɗin mutane a nan ya fi ciwo.

Bari in faɗa wa wanda bai taɓa zuwa ba yadda zaman mako yake. An sa ƙarfe huɗu. Ƙarfe biyar da rabi shugaba bai iso ba, wai gosulo ya riƙe shi a titin Kubwa. Ƙaramin mamba da ya makara da 'yan mintoci an riga an ci shi tara, an karɓa nan take, shi kuwa shugaba idan ya iso sai a miƙe tsaye. A buɗe da addu'a. Sakatare ya karanta abin da aka tattauna makon jiya, wanda shi ne dai aka tattauna a makon da ya gabace shi. Daga nan sai a shiga babbar magana: wane launi za a yi ankon bana, shadda ko yadi, wa za a sa a babban tebur, sunan wa zai fara zuwa a katin gayyata. A kan wannan sai a yi sa'a guda ana ɗaga murya.

Can sai wani bawan Allah ya ɗaga hannu daga kujerar baya, ya ce, "Ranka ya daɗe, don Allah nawa ne yanzu a asusu?" Wuri ya yi tsit. Ma'aji ya yi tafiya. Idan yana nan, littafin yana gida. Idan littafin yana nan, ba a gama haɗa lissafi ba. Shugaba ya gyara hula ya ce, "Malam, ba ka yarda da mu ba ne?" Wani dattijo ya sa baki, a yi haƙuri, kada a kawo rabuwar kai, shaiɗan ne. A ce za a kafa kwamiti. Kafin a zaɓi 'yan kwamitin an kira Magariba. A raba lemo, a shafa fatiha, sai wani makon. Wanda ya yi tambayar kuwa ya samu sabon suna, ɗan adawa, kuma ba za a ƙara sa shi a wani kwamiti ba har abada.

Mu yi lissafin da suka ƙi yi mana. A ce ƙungiya tana da mutum 30, kowa yana ba da naira 1,000 a mako. A makonni 52 an tara naira 1,560,000, ban da tara, ban da kuɗin rajista, ban da kuɗin anko da ake ɗora wa riba, ban da gudummawar gaggawa da ake yankawa duk lokacin da aka ga dama. Wannan a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota daga Dutse zuwa cikin gari yake cinye albashin ƙaramin ma'aikaci. Dubu ɗayan nan daga kuɗin cefane aka yanke ta. Wanda ya karɓe ta ba tare da rasit ba, kuma ya ji haushi don an tambaye shi, ya san da wane suna ake kiran mai irin wannan hali.

Amma babban wasan kwaikwayon shi ne ranar ƙaddamar da gidauniya, ranar lancin. Wata biyu ana shiri. A buga katin gayyata mai ruwan zinare, a jera muƙamai har su cika shafi: Uban Taro, Uwar Taro, Shugaban Taro, Babban Baƙo, Babban Baƙo na Musamman, Babban Mai Ƙaddamarwa da mataimakansa. A yi hayar rumfuna da kujeru da janareta da lasifika. A kira mai ɗaukar bidiyo da mai gabatarwa, maroƙa kuma su zo da kansu. A dafa shinkafa a zuba a robobi. A sassaƙa lambobin yabo na katako da gilashi, a rubuta "Gwarzon Al'umma" a kai, don a miƙa wa mutumin da bai taɓa taka layin nan ba sai yau. Duk wannan bashi ne, za a biya daga abin da aka tara.

Babban Mai Ƙaddamarwa ba ya zuwa. Wakili yake aikowa, shi ma bayan la'asar sakaliya. Wakilin ya karɓi makirfo ya ce mai girma yana gaishe ku, wani uzuri ne ya taso, kuma ya ce a sanar da gudummawarsa ta miliyan kaza. Wuri ya kaure da tafi da guɗa, maroƙa su yi ta zuba kirari. Babu ceki, babu alat, alƙawari ne kawai. Sauran manyan baƙi su biyo baya, kowa yana so ya ɗara na gabansa, tunda faɗa da baki ba ya rage ko kwabo a aljihu. Mai gabatarwa ya tattara alƙaluma ya shelanta cewa an tara miliyoyi. Gobe a watsa a WhatsApp da Facebook.

Ana cikin wannan sai a zagayo da faranti wajen mutanen baya. Na ga mai ƙosan bakin layinmu ta kwance haɓar zanenta ta ciro naira 500 da ta sha mai, ta ajiye, ba wanda ya kira sunanta a lasifika. Na ga mai facin taya ya zaro dubu ɗaya. Kuɗin waɗannan su ne kuɗin gaske, su ne suka shiga hannu. Kuma da daddare, da mai rumfa da mai janareta da mai bidiyo suka tsaya a kan sai an sallame su, da waɗannan kuɗin aka sallame su. Wato mai ƙosai ce ta biya kuɗin rumfar da aka yi wa attajiri kirari a ƙarƙashinta. Miliyoyin alƙawari kuwa, sakatare zai yi ta sintiri ofis-ofis har takalminsa ya cinye, ana ce masa oga yana mitin, oga ya yi tafiya, ka dawo bayan Sallah. Daga ƙarshe a yi shiru. Ba za a taɓa tsayawa a gaban jama'a a ce wane ya cika, wane bai cika ba, domin ana so a sake gayyatarsa baɗi.

Idan an yi sa'a ragowar ta isa a haƙa rijiyar burtsatse. A kafa allo wanda ya fi tankin girma, a rubuta sunayen shugabanni tun daga na farko har mai tsawatarwa. A yanka kirtani, a ɗauki hoto. Bayan 'yan watanni injin ya ƙone ko a sace farantin sola. Ba a ware kuɗin gyara ba, ba a naɗa mai kula ba, ba a tambayi matan layin ba ko nan ne ya dace a haƙa. Famfo ya bushe, allo yana nan tsaye. Ko kuma a sayi buhun shinkafa kaɗan a kai wa marayu da zawarawa, a jera su a rana, a ɗora wa kowa ƙulli a hannu, a ce ya kalli kyamara. Wannan tozarci ne. Marainiyar da aka watsa hotonta a duniya saboda mudu biyu na shinkafa, an karɓi abin da ya fi abin da aka ba ta.

Akwai ɓarnar da ta fi ta kuɗi. Ƙungiyar da ta mai da 'yan siyasa iyayen gidauniyarta ta sayar da bakinta. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hanya, magudanar ruwa, makarantar firamare da ƙaramin asibiti haƙƙinmu ne a kan hukuma, kuma ana ware musu kuɗi. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ƙungiya ta gari ita ce za ta ɗauki wakilai ta je Bwari ta tambayi nawa ya shigo, me aka yi da shi, yaushe za a zo layinmu. Amma wa zai yi wannan tambaya ga mutumin da jiya ya miƙa wa lambar yabo, gobe kuma yake jiran alƙawarinsa? A 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun shiga yajin aiki tun daga watan Maris har zuwa Yuli saboda rashin biyan sabon albashi. Sama da wata 3 'ya'yan talakawa suna gararamba a titi, wasu suna talla, wasu suna bin bola. A zaman ƙungiyar unguwarmu ban ji an sa maganar a ajanda ba. 'Ya'yan masu babban tebur suna makarantun kuɗi.

Mu tuna da watan Janairu na 2024, lokacin da masu garkuwa da mutane suka addabi yankin Bwari, suka shiga har Sagwari a nan Dutse suka kwashi mutane daga gidajensu, aka kashe wasu daga cikin waɗanda aka sace. A cikin 'yan kwanaki mutanen da ba su san juna ba suka tara kuɗi ta waya don ceto waɗanda suka rage. Ba a kafa rumfa ba, ba a ɗinka anko ba, ba a kira maroƙi ba. Abin baƙin ciki ne a ce al'umma tana karo-karon kuɗin fansa, amma ya nuna abu guda: mutanenmu ba marowata ba ne. Idan sun ga bukata a fili, kuma sun san inda kuɗin za su, suna bayarwa har da na cefane. Abin da ke kashe musu gwiwa shi ne zuba ruwa a kwando shekara da shekaru.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta. Za a ce aikin sa-kai ne, ba albashi ake biyan kowa ba, don Allah ake yi. To, idan don Allah ne, ai nan ne lissafi ya fi wajaba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Wanda ya riƙe kuɗin mutane amana ya riƙe, kuma amana ba ta sauka don ba a biyan albashi. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ɗan Affan ya saya ya yi waƙafinta ga mutanen Madina, har yau ana amfana da gonar dabinon da ke wurin, bayan shekaru sama da 1,400, domin an samu masu riƙon amana suna miƙa wa na bayansu. Tamu rijiyar ba ta kai damina biyu. Maƙwabtanmu Kiristoci su ma sun san matsayin baiko da amanar dukiyar jama'a a addininsu. Babu addinin da ya ce a ci kuɗin mai ƙosai a rufe da addu'a.

Kuma kada wani ya ce taron mako ne ba shi da amfani. Ƙungiyar Rotary da lauya Paul Harris ya kafa a Chicago ta Amurka a 1905, a kan taron mako ta ginu. Reshenta na farko a Najeriya a Kano aka kafa shi a 1961, kuma daga wannan reshen ne lauya Jonathan Majiyagbe ya fito ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya, daga 2003 zuwa 2004. Su ma ba mala'iku ba ne, suna da liyafar otal da son hoto irin nasu. Amma dubi abin da suka yi. A 1985 suka zaɓi abu guda, cutar shan inna, suka ce sai sun ga bayanta. A 1988, lokacin da aka ƙaddamar da gangamin duniya tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, cutar tana shanye yara kusan 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Suka tara sama da dala biliyan 2 a hankali, har Gidauniyar Gates ta yarda ta riƙa ninka musu abin da suka tara. A nan Arewa an sha fama. An dakatar da rigakafin a Kano a 2003 saboda zargi, kuma a 2012 fiye da rabin yaran da cutar ta kama a duniya a Najeriya suke. Sai da sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida suka shigo. An ga kamu na ƙarshe na asalin ƙwayar cutar a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Shekara 35 suna kan magana ɗaya. Shugaban reshe a wurinsu shekara guda yake yi, daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni, ya sauka wani ya hau. A 2016 ma suka sassauta dokarsu, suka yarda reshe ya riƙa zama sau biyu a wata, domin sun gane yawan zama ba shi ne aiki ba. Mu kuwa mun kwaikwayi kujera da ƙararrawa da lambar yabo, mun bar manufa da lissafi da sauka daga mulki. Akwai shugabannin ƙungiya a garin nan da suka ga hawa da saukar ciyamomi da ministoci, su suna nan daram.

Ba ma sai mun je Chicago ba. Ku dubi matan adashi a kasuwar Dutse. Uwar adashi, wata ko boko ba ta yi ba, tana riƙe kuɗin mutane da yawa, kowa ya san ranar kwasarsa, kuma ranar da ta ci amana ranar ta bar kasuwa. Ku dubi samarin da ke fitowa da shebur da baro su yashe kwata kafin damina, irin aikin gayyar da muka gada, ba kati ba babban baƙo. Ku dubi masallatan da ke rubuta abin da aka tara ranar Juma'a a allo kowa ya gani. Ku dubi ƙananan ƙungiyoyin da idan mamba ya rasu, kafin a dawo daga maƙabarta sun haɗa abin da za a kai wa iyalinsa. Waɗannan su ne masu taimakon al'umma, kuma ba su nake nufi ba. Da masu digiri da manyan riguna nake, waɗanda suka kasa abin da uwar adashi take yi.

Doka ma ba ta bar abin sakaka ba. Dokar kamfanoni da ƙungiyoyi ta 2020 ta tanadi cewa ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu da hukumar CAC ta ajiye bayanan kuɗinta kuma ta riƙa miƙa rahoto. Ku tambayi shugabanninku: muna da rajista? Su wa ne amintattu? Da sunan wa aka buɗe asusun banki? Idan aka ce a tura kuɗin ƙungiya cikin asusun wani mutum guda, ko da liman ne ko fasto, ku mai da wayarku aljihu.

Ga abin da nake nema, kuma ba roƙo ba ne, haƙƙi ne. A fara kowane zama da karanta lissafi: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, tare da takardar banki a hannu, kafin a taɓa maganar anko. Asusu ya kasance da sunan ƙungiya, da sa hannun mutum uku, kuma duk naira ɗaya a ba da rasit. A daina shelanta alƙawari a lasifika, abin da ya shiga asusu kaɗai za a faɗa, kuma bayan wata 3 a karanta sunayen waɗanda suka cika da waɗanda suka saɓa. Kada a ƙaddamar da sabuwar gidauniya sai an manna lissafin ta bara a ƙofar masallaci da coci da gidan mai unguwa. Kuɗin rumfa da abinci su fito daga aljihun masu son biki, kada a taɓa na gudummawa. A zaɓi aiki guda a shekara, a tambayi mata da matasan layin kafin a zaɓa, a ware kuɗin gyara tun ranar farko, a naɗa mai kula. A sa wa shugabanci wa'adi. Kuma duk wata 3 a tura wakilai wurin kansila da sakatariyar Bwari da takarda a rubuce, a dawo a karanta wa jama'a amsar da aka samu, ko rashin amsar.

Ku kuma 'yan'uwana masu zama a kujerun baya, da ku nake yanzu. Kunya ce take cin kuɗinmu. Muna jin nauyin tambayar Alhaji, muna tsoron a ce ba mu da tarbiyya, su kuma sun san haka, da shi suke cin kasuwarsu. Tambayar lissafi ba rashin kunya ba ce, kuma ma'aji mai gaskiya murna yake yi idan an tambaye shi, domin ita ce ke wanke shi. A zama na gaba kada ku bar mutum ɗaya ya ɗaga hannu shi kaɗai a mai da shi ɗan adawa. Ku ɗaga tare, ku ce a kawo littafi. Idan an kawo, ku biya kuɗinku da farin ciki, ku ƙara da na sadaka. Idan an ce yana gida, ku riƙe abinku ku kai wa maƙwabcin da kuka san ya kwana da yunwa. Allah ya ba mu shugabanni masu tsoron haƙƙin jama'a, ya ba mu ƙarfin halin tambayarsu.